Shekarar Da Ba Mu Bi Koren Ruwa Ba

Irukarai, Alhamis, 26 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Jainambu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗalibanki. Umma na gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Yaya, shekaranjiya Talata da safe na ga abin da ya hana ni sakat. Na gama ba kifi abinci a Tekun Arewa, na ratsa ta cikin giginyu na fito gaɓar kudu, rana ta ɗan ɗaga. Sai na tarar ruwan ya yi kore. Kin san abin da wannan ke nufi a garinmu: abincin kifi ya sauka a kudu, lokacin tashi ya yi, a kwance kejunan kifi daga arewa a zagaya da su ta mashigi kafin iskar arewa ta taso ta farfasa su. Kawu Nainar, da yake shi ne shugaban masu keji, har ya sa rana, Asabar ta makon gobe.

Amma ni wannan koren ban san shi ba. Shekara huɗu ke nan ina tace guga ɗaya na ruwan kudu kowace safiya da wani tsohon mayafin Umma, ba don komai ba sai don in ga abin da ƙananan kifin nan na sadin ke ci. Koren da muka saba yana da ja-ja kamar ruwan shayi, yana gauraye da ruwan har ƙasa. In ya bushe a mayafi yakan bar gari mai garas-garas a yatsa. Sadin na bin sa, tsuntsaye na bin sadin. Wannan kuwa kore ne shar irin fentin ƙofar masallacinmu, kwance yake a sama layi-layi, ga yauƙi kamar kuɓewa. In na zuba ido ina ganin ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya, kamar ƙwan kifi. Babu tsuntsu ko ɗaya. Sai sori, halittun ruwan nan masu harbi masu kama da lema, sun cika wurin. Kuma bana iskar kudu ta ɗauke da wuri. Kwana goma sha ɗaya ruwa na kwance, ɗumi kamar na wankan jariri.

Na gaya wa Arulappan mai jirgin inji, wanda zai ja mana kejunan. Ya ce, "Sikandar, littafi ya gagare ka a aji shida, yanzu kuma ruwa ka koma karantawa? To me ya ce, yana gaishe ni?" Duk masu shan shayi suka tuntsire da dariya. Ni ma na yi.

Ga kwalba biyu nan na ba Pandi kwandasta. Mai jan zare ruwan kudu ne, mai fari na arewa. Ki duba min su a madubin nan na makarantarku da ke ƙara girman abu. Ki ajiye su nesa da mijinki, na san shi da shan abin da bai tambaya ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki, Sikandar

Madurai, Asabar, 28 ga Satumba

Autan Umma,

Wa alaikas salam. Saƙo ya iso. Rubutunka dai na nan kamar ƙaguwa ta faɗa tawada, amma na karanta, har sau biyu.

Na kai kwalaben aji. A ta farin zare mun ga abin da ya kamata a gani: 'yan mitsi-mitsin tsirran ruwa, kowanne cikin ɓawonsa mai kama da gilashi, wasu kamar mataji, wasu kamar sarƙa. Ɓawon nan ne garin da kake ji a yatsa. Su ne tuwon teku, Auta. Ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, mu mu ci babba. A ta jan zare kuwa kusan babu su. Sai wata halitta kamar balan-balan mai wutsiya, cikinta cike da kore. Wata ɗalibata ta ce, "Malama, wannan ai cinye 'yan uwansa yake yi!" Kuma gaskiyarta.

Na buga wa tsohuwar malamata waya, wadda ta ƙare rayuwarta kan binciken teku. Ta ce ta san shi. Ta ce tekun duniya na ƙara ɗumi, iskokin da ke dama ruwa sun daina zuwa a kan lokacinsu, shi kuwa wannan abin ruwa mai ɗumi marar motsi yake so, don haka yake ta ƙwace wuri a gaɓoɓi da yawa, ba tamu kaɗai ba. Haɗarinsa a mutuwarsa yake. In ya mutu gaba ɗaya ya nutse ya ruɓe, ruɓewar kan shanye iskar da ke cikin ruwa. Kifin da ke sake sai ya gudu. Na keji fa?

Amma ka ji da kyau. Na tambaye ta yaushe zai mutu, ta ce Allah kaɗai ya sani, wani lokacin ma iska kan kwashe shi bai kashe komai ba. Ni kwalba na gani, kai ka ga teku. Kada ka ce ni na ce.

In za ka je wa Kawu, ka bari sai ya ci ya ƙoshi, kuma ka same shi shi kaɗai. Ka ji ko? Shi kaɗai.

Ka shafa wa Umma man da na aiko. A gaishe da kowa.
Yayarka, Jainambu

Irukarai, Talata, 1 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Jainambu, malamar makaranta,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu.

Dalilin rubutuna shi ne ƙaninki. Jiya a taron masu keji a gindin darbejiya, gaban mutum talatin, ya miƙe da mayafin uwarsa a hannu ya ce a ɗaga ranar tashi. Ya ce koren bana ba na arziki ba ne. Da aka tambaye shi hujja sai ya zaro takardarki.

Ki saurare ni. Shekarata arba'in da ɗaya a ruwa. Kakanki da koren kudu ya riƙa tashi, ni ma da shi nake tashi, ba a taɓa kunyata mu ba. Abin da ke kunyata mutum shi ne iskar arewa. Ke ba ki san ta ba sai a rufin ɗaki. Ni na ga shekarar da ta zo kwana shida kafin lokacinta, ta mai da jirage goma sha bakwai itacen girki. Keji goma sha biyu ne a wuyana, na gida goma sha biyu, wata bakwai ana ciyar da kifin koduwa a cikinsu, har da na uwarku da ba ta da wani abin dogaro. In na riƙe su a arewa iska ta zo, wa zan nuna wa mutane? Balan-balan mai wutsiya?

Ban wulaƙanta shi ba, ɗan ƙanwata ne, kuma bai ɗaga mini murya ba. Ya roƙi abu ɗaya na ba shi. Yau da safe ya ɗebi kifi goma daga kejin uwarku ya sa a kwando, ya ɗaure a kudu, daidai inda muke kafa kejuna. In Juma'a da safe suna da rai, Asabar za mu tashi, shi kuma ya rufe bakinsa. Ya amince a gaban kowa.

Abin da nake so daga gare ki, ki daina aiko masa da labarin kwalba. Yaro ne mai hankali, kada a mai da shi abin dariya a garinsa.

Ki gaishe da surukina.
Kawunki, Nainar Muhammad, shugaban masu keji

Irukarai, Juma'a, 4 ga Oktoba

Yaya Jainambu,

Salamu alaikum. Ki yafe ni, na san kin ce shi kaɗai. Sau uku na je gidansa, kowane zuwa yana da baƙi. Kuma ban yi niyyar zaro takardarki ba, hannuna ne ya riga ni.

Yau da safe muka je duba kwandon, ni da Kawu da Arulappan da wasu mutum huɗu a jirgi. Yaya, kifin duk goma suna da rai. Na faɗi.

Arulappan ya leƙa ya ce, "Kai jama'a, ku yi shiru, ana zaman makoki. Ga mamatan can suna iyo." Wani ya ce a kira liman. Kawu bai yi dariya ba, ya ce kawai, "To, ka gani."

Na ce na gani, Kawu, kuma ba zan tada alkawari ba. Amma ban iya ɗauke idona daga kwandon ba. Kifin duk sun taso sama, bakinsu na buɗewa a fuskar ruwa, abincin da na zuba jiya na nan ba su taɓa ba. Koduwa da ke cizon yatsa don yunwa! Sai na ce, "Kawu, alfarma ɗaya. Igiyar dutsen da ke riƙe kwandon, ka jawo ta da hannunka."

Ya harare ni, ya ce, "Yau kuma ni ne yaron jirginka?" Amma ya kama. Yaya, kamu ɗaya na saman igiyar ba a ganin ta don ƙaguwa. Sun hau kan juna, manya da ƙanana, wasu har sun fito waje da ruwa suna ƙoƙarin hawa hannunsa. Ƙaguwa da gidanta ke ƙarƙashin dutse. Ya ci gaba da ja, ƙasan igiyar ya fito baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Arulappan ya toshe hanci.

Muna nan sai ga Iya Muniyamma, tsohuwar nan mai nutso tana tsinkar ciyawar teku, tana tuƙa kwale-kwalenta buhu ba komai. Ta ce, "Nainar, me kake shinshina? In ƙasan kake tambaya, ƙasan ya mutu. Katantanwa duk sun buɗe baki. Shekaranjiya na so gaya maka, ka ce in ba ka wuri kana lissafin igiyoyi."

Kawu ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya juya ya kalli arewa, inda gajimare ya fara taruwa ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, "Na ɗaga tashi da kwana uku. Ba don kwalba ba, don ƙaguwa."

Bayan sallar Juma'a aka yi ta hayaniya. Wasu na cewa yaro ya faɗi a gwaji, me ya sa za a bi shi. Mutum biyu sun ce za su ja nasu su kaɗai, Arulappan ya ce injinsa ba shi da lafiya sai ranar da shugaba ya ce ya warke. Matar ɗayansu ta tare Umma a famfo ta ce in iska ta ci kejinsu, a gidanmu za su ci abinci har shekara. Umma ta ce ta zo da kwanonta.

Ni dai tsoro nake ji, Yaya. Ki sa mu a addu'a.
Sikandar

Madurai, Litinin, 7 ga Oktoba

Auta,

Salam. Pandi ya ce tun daga tasha ake jin wari, wai gaɓar kudu ta yi fari da mataccen kifi. Gaskiya ne? Namu fa? Na kira wayar Umma sau tara, ka san ta, tana ƙarƙashin buhun shinkafa.

Rediyo kuma ya ce iskar arewa na tafe cikin makon nan, an gargaɗi masunta. Ke nan kudu ta mutu, arewa za ta tashi, ku kuna tsakiya. Na kasa koyarwa, yau na rubuta darasin jiya a allo yara suka yi ta kallona.

Ka rubuto ko layi biyu ne. Allah ya tsare.
Jainambu

Irukarai, Asabar, 12 ga Oktoba

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ki zauna tukuna, ki sha ruwa. Kejuna goma sha biyu suna Tekun Kudu, kifinsu na ci kamar ba gobe. Yanzu bari in faɗa miki daga farko.

Abin da Pandi ya ce gaskiya ne. Lahadi da safe koren ya dushe ya koma kamar ruwan wanki, gaɓa ta cika da gawa tun daga giginyu har mashigi. Kifin dutse, maciji-kifi, har irin waɗanda ban taɓa gani ba. Goman nan na kwando duk sun juya ciki sama. Mutane suka tsaya a yashi, kowa na lissafin inda kejinsa zai kasance da an tashi Asabar. Matar da ta yi wa Umma barazana ta aiko mana da ƙosai na wake cikin ganye, ba saƙo.

Amma ba wanda ya yi murna, don Talata iskar arewa ta fara hurawa. Kaɗan-kaɗan, amma kejuna sun fara rawa, igiyoyi na kuka. Mutane suka zo wa Kawu suka ce a tashi yanzu ko kudu na wari. Kawu ya aiko a kira ni. Na ce, "Kawu, iskar nan da ke tsorata mu a arewa, a kudu daga tudu take fitowa. Ita za ta share ruɓaɓɓen ruwan ta tura shi tsakiyar teku. Sai ta fara za mu sami wurin zuwa. In muka riga ta, kabari za mu kai su."

Ya ce, "In kuma ta gama fara fa?"

Na ce, "Shi ya sa zan riƙa dubawa safe da yamma."

Ya ce, "Allah ya sa idonka ya kai bakinka."

Talata da yamma, yauƙi. Laraba da safe, yauƙi amma kaɗan, igiya na wari. Ranar ce durom ɗaya daga cikin masu riƙe keji a saman ruwa ya tsinke daga kejin wani mai keji, Sesu, shi kuma ya zo har ƙofarmu yana ihu, wai ni da mayafina za mu biya shi. Na bi shi muka ɗaure durom ɗin tare, ruwa na marin mu, yana zagina ina riƙe masa igiya. Laraba da yamma warin ya ragu, ƙaguwa sun sauka rabin igiya. Kawu ya ce, "Yanzu?" Na ce a'a. Ban san inda na samo a'ar nan ba.

Alhamis da safe na jawo igiya, fes take har ƙasa, ba ƙaguwa ko ɗaya. Ruwan ya yi sanyi a ƙafa. Na tace guga uku, na shanya mayafi a kan jirgi, na tsaya har ya bushe, Arulappan na ta cewa, "Ka hura masa mana, ko in kawo dutsen guga?" Na murza da yatsa, na ji garas-garas. Kaɗan ne, amma shi ne. Ina ɗaga kai sai ga fararen tsuntsaye wajen mashigi suna faɗawa ruwa.

Yaya, ban taɓa gudu irin na ranar ba.

Kafin hantsi duk gari na ruwa. Arulappan ya ce injinsa ya warke sarai. Muka riƙa ja biyu-biyu, a hankali don kada raga ta matse kifi, raƙuman ruwa na dukan mu ta gefe. Sawu shida. A sawu na biyar, daidai bakin mashigi, igiyar kejin Umma ta tsinke, ya nufi duwatsu. Kafin in yi tsalle wani ya riga ni. Kawu ne, da shekarunsa da farin gemunsa, igiya a haƙori. Muka ɗaure shi mu biyu, yana haki yana ce min, "Ƙullin mata kake yi, ba ni nan!" Na ƙarshe ya shiga kudu ana kiran la'asar. Kifi tara kacal muka rasa a duk kejunan, na gida goma sha biyu.

Jiya Juma'a iskar ta zo da gaske. Ta ɗauke rumfar da muke ajiye abincin kifi a arewa, har yanzu ba a ga kwanon rufin ba. Mu kuwa muna kudu, ruwa lumui, mata na dafa shinkafa da miyar tsamiya a yashi.

A wurin cin abincin Kawu ya miƙe ya ce a saurara. Ya ce, "Kore iri biyu ne yanzu a tekun nan. Ni iri ɗaya kawai na sani. Daga bana ba zan sa ranar tashi ba sai yaron nan ya duba. Ya fi ni ido, kuma na yi kuskure." Ya zauna ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Umma ta ce ki zo hutun nan. Ki gode wa malamarki da ɗalibanki.
Ƙaninki, Sikandar

Madurai, Litinin, 14 ga Oktoba

Auta,

Alhamdu lillahi! Na karanta wa 'yan aji, suka yi ta buga tebur har shugabar makaranta ta leƙo. Na yi kuka, kada ka gaya wa kowa.

Na yarda da ƙaguwa, na yarda da tsuntsaye, na yarda har da tsallen Kawu. Amma "na yi kuskure"? Daga bakin Kawu Nainar? A nan ka ƙara gishiri. Sai ka kawo shaidu.

Yayarka mai alfahari da kai, Jainambu

Irukarai, Laraba, 16 ga Oktoba

Yaya,

Salamu alaikum. Kifi lafiya, Umma lafiya. Ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

Ga waɗanda ke wurin. Umma, tana zuba miya, har ludayi ya suɓuce mata. Liman Abdul Kadar, wanda ya ce a maimaita don kunnensa na dama ba ya ji, Kawu ya ce sau ɗaya ake faɗar irin wannan. Iya Muniyamma. Sesu da matarsa. Fada Santiyagu na cocin bakin ruwa, da ya zo taya murna. Pandi kwandasta, wanda ya bar motarsa da fasinja a tasha ya zo cin shinkafa, kina iya tsare shi gobe. Da Arulappan, wanda ya ce a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, wai tun ranar farko shi ya san ina da gaskiya.

Sai kin zo.
Sikandar